Na Tafi Koyon Duba Bankuna, Aka Zo Duba Gidana

Ni dai abin da ya kai ni Ingila shi ne in koyi yadda hukuma ke sa wa bankuna ido. Ban tafi da niyyar wani ya sa wa gidana ido ba, balle har a kai ga shawarar raba mu da ɗanmu na fari. Amma saura ƙiris hakan ta faru, kuma gara in rubuta yadda abin ya gudana tun ina iya tunawa.

Lokacin ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira da kwabo ba. Kuɗin mai sun fara shigowa, bankuna na ta buɗe rassa har a garuruwan da ko famfo babu, ga shi waɗanda suka san yadda ake bin diddigin banki ba su fi cikin cokali ba. Ina ƙaramin akawu a Kaduna aka zaɓe ni, aka ce in tafi wata cibiya da ke wata jami'a a arewacin Ingila, wadda ba ta da aiki sai nazarin bankuna da dokokin da ke tsare su. Sunana Sada, ɗan manomi daga Wagini ta ƙasar Batsari. Matata Dije 'yar Fulanin Zakka ce ta ƙasar Safana, kuma aurenmu bai shekara ba. An ce ɗalibi na iya tafiya da matarsa, ni kuwa na ce ba mai raba ni da amarya. Abin da ban sani ba, wanda iyayenta ma ba su sani ba, shi ne da ƙaramin ciki Dije ta hau jirgi. Ita ta sani. Amma ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan magana ba. Da an sani, da ba inda za ta sai gidansu goyon ciki.

Zangonmu na farko shi ne tashar jirgin ƙasa ta garin da jami'ar take. Muna sauka, muna rarraba ido, sai na ji an ce, “Salamu alaikum, baƙinmu, sannunku da hanya.” Wani mutum ne cikin kwat, Hausarsa tsaf, har da tambayar yadda muka baro damina. Wanda bai taɓa yin nisa da gida ba ba zai gane yadda sallamar nan ta ratsa ni ba. Ya ce ƙungiyar ɗalibai ce ta aiko shi ya tarbe mu. Ya kai mu wani ɗaki mai kyau, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya danƙa mini makulli. Akwai wani buhu da mahaifiyar Dije ta ɗinke bakinsa da hannunta, shi ma ya saɓa a kafaɗa, wai zai sa mana a ma'ajiya ta ƙasa. Gari na wayewa sai ga mai ɗakin na gaskiya ya dawo daga tafiya, ya tarar da mu a kan gadonsa. Ashe makullin aro ne. Mutumin kirki ne, bai kira 'yan sanda ba, amma ya tsaya har muka kwashe komatsanmu.

Ga ni, wanda aka aiko ya koyi kama macuta, an yi mini wanka tun kafin in ga ƙofar aji. Kuɗin ba su dame ni kamar buhun ba. Kuka ce a ciki da daddawa da kanwa da man shanu. Da can ina tsine wa macucin, amma da na ɗan daɗe a ƙasar sai na fara tunanin wataƙila shi ma kewar miyar kuka ce ta yi masa yawa.

Muka ja akwatunanmu har cibiyar, don ba mu san ko'ina ba. Wani tsohon gida ne mai hawa uku a gefen jami'a, ba ka ce nan ake shawarar dukiyar ƙasashe ba. A ƙofar shiga muka tarar da sakatariyar wurin, Misis Doris, wata dattijuwa mai ƙiba da tabarau rataye a wuya. Dije na ganin furfura ta zube ƙasa ta gaishe ta yadda aka koya mata. Misis Doris ta yi tsammanin faɗuwa ta yi, ta zabura ta tallafe ta, ta zaunar da ita, ta haɗo shayi. Na ba ta labarin abin da ya same mu, ta yi ta girgiza kai tana buga waya, kafin azahar ta samo mana ɗaki a saman wani gida kusa da cibiyar. Za mu tashi ke nan ta ƙara duban Dije, ta dube ni.

“Mista Sada, yaushe matarka za ta haihu?”

Na ce, “Haihuwa kuma?”

Ta sa tabarau ta kalle ni da kyau, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo kasuwa ya manta abin da aka aike shi. Na juya na fassara wa Dije tambayar. Sai ta ja gyale ta rufe fuska. A haka na sami labarin zan zama uba, daga bakin Baturiyar da ban fi awa biyu da sani ba. Na yi murna ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na san ba mu da kowa a garin.

Karatu ya kankama. Mu ɗaliban ba mu da yawa, kuma yawancinmu daga ƙasashen da ba su daɗe da samun 'yancin kai ba muke, ko waɗanda mai ya yi wa arzikin dare ɗaya. Shugaban cibiyar wani tsoho ne ɗan siriri da muke kira Farfesa Mai Lofe, don ba a ganinsa ba lofe a baki, ko da wuta ko babu. Shi ma baƙo ne a Ingila. Yana yaro bankunan ƙasarsu suka durƙushe, ya ga mahaifinsa ya bi layi a ƙofar bankin da ba a sake buɗewa ba, shi ya sa ya ba wannan fanni rayuwarsa. A ƙarƙashin ginin akwai wani ɗaki cike da rahotannin bankunan da suka mutu a ƙasashe daban-daban, mukan ce masa maƙabarta. Kowane mako ɗalibi ɗaya zai sauka ya tono gawa ɗaya, ya zo gaban jama'a ya faɗi abin da ya kashe ta.

Na ji daɗin karatun nan fiye da yadda na zata. Mun koyi wa ya cancanci a ba shi iznin buɗe banki, da kason da dole banki ya ajiye bai taɓa ba, da yadda manyan banki ke ba 'yan'uwansu rance a ɓoye har su kai shi ƙasa. Ni da na tashi ina ganin mahaifina na leƙa rumbu kafin ya yarda a ɗebi hatsin biki, abin bai yi mini wuyar ganewa ba. Abin da Farfesa ya fi nanatawa shi ne aikin mai duba. Yakan ce mai duba ba ya sanar da zuwansa, ba ya karɓar rantsuwa, kuma komai kirkin manaja sai ya buɗe ma'aji an gani da ido. Na rubuta wannan na ja masa layi, ina jin kaina wani babba.

Ita kuwa Dije tana can saman bene. Hunturu ya shigo, rana ta yi ƙaura, tun la'asar gari ya yi duhu. Yarinyar da ta tashi cikin ruga, da ƙannai da 'yan maruƙa da masu zuwa sayen nono, ga ta a ɗaki ɗaya ba mai ce mata sannu. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wata rana dai na dawo na tarar da ita a bakin taga tana kallon wata motar madara, ta ce, “Malam, su shanun nasu ina suka ɓoye su?” Ranar Asabar na sa ta a bas muka fita bayan gari har muka ga shanu a wani fili. Ta daɗe tsaye a jikin shinge. Ta ce ƙiba dai akwai, amma ba su da tozo, ba su da ƙaho, kuma ba su san mutane ba. Duk da haka sai da na yi da gaske ta yarda muka koma.

Da sanyi ya fara sauƙi ta haihu a asibitin garin, namiji. Na yi masa kiran salla a kunne a gaban nas-nas suna kallona. Ranar suna wasu 'yan Pakistan da muke salla tare suka zo da limaminsu, aka yi addu'a, na aika gida a yanka rago a Wagini. Aka sa masa sunan da aka saba sa wa ɗan fari, Muhammadu Lawal. Rubutawa na yi, ba faɗa na yi ba.

Dole in tsaya in yi bayanin wannan, don yaran yanzu sun fara mantawa. A wurinmu uwa da uba suna jin kunyar ɗansu na fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa yabonsa. Uwa ba ta ɗaukarsa ko ta ba shi mama a gaban manya sai in ya zama dole, shi ma ta juya baya. A wurin Fulani abin ya fi tsanani. Ba ƙi ba ne, tarbiyya ce. Kuma a gida ba a ganin giɓin, don kafin jariri ya buɗe baki kaka ta sure shi, gwaggo ta karɓa, ƙannen uwa na rububinsa. Uwa ta kau da kai ne don ta san hannuwa sun yi yawa. Mu kuwa mun ɗauko kau da kan mun zo da shi Ingila, mun baro hannuwan a Zakka.

A ƙasar akwai ma'aikaciyar jinya da hukuma ke turowa gidan duk wadda ta haihu. Tamu sunanta Sista Agnes, doguwa, mai furfura, ba ta da yawan dariya amma hannunta na da taushi a kan jariri. Zuwanta na farko ina nan. Dije na ganin babbar mace ta shigo, sai ta ajiye yaron a ƙarshen gado, ta koma lungu ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Sista ta tambayi sunansa. Dije ta ƙara sunkuyar da kai. Sista ta juyo gare ni, ni ma na ɗauko katin asibiti na miƙa mata. Yaron ya fara kuka, ba wanda ya motsa cikinmu, har sai da Sista ta ɗauke shi da kanta. Ni a raina har ina alfahari, ina cewa yau Baturiya ta ga 'yar mutunci. Na ga tana rubutu, ban kawo komai ba.

Ta ci gaba da zuwa, kuma ba ta faɗin ranar zuwanta. Duk zuwan da za ta yi, Dije sai ta ƙara mata girma, wato ta ƙara nisa da yaron. In ta ji takunta a matakala, ko mama take ba shi sai ta cire shi ta kwantar. Sista ta riƙa tarar da jariri na tsala kuka, uwa na fuskantar bango. Sai kuma ga wankan jego. Dije ta rantse ba za ta bar shi ba, don an gaya mata wadda ba ta yi ba sanyi zai kama ta har tsufa. Ba ganyen darbejiya, ba mai yi mata, ita kaɗai take tafasa ruwa a manyan tukwane ta riƙa fyaɗa wa jikinta da tawul, har takardar bangon banɗaki ta fara saluɓewa. Wata safiya Sista ta shigo ta tarar da gida ya turnuƙe da tururi, ta ga fatar Dije ta yi jawur.

Da yamma ta jira ni a ƙofar gida. Ta yi mini magana a hankali, ba faɗa. Ta ce akwai wata cuta da ke kama wasu mata bayan haihuwa, su ji ba sa son jaririn, wani lokaci su cutar da kansu ko shi. Ta ce duk alamun ta gan su. In abin bai sauya ba za ta zo da likita, a kwantar da Dije a asibitin masu taɓin hankali, yaron kuma a kai shi gidan reno na ɗan lokaci. Na yi mata bayanin al'adarmu iya Turancina. Ta saurare ni har na gama.

“Mista Sada,” ta ce, “na yarda kai ka yarda da abin da kake faɗa. Amma na sha jin maza suna yi wa matansu bayani mai daɗi, daga baya a yi kuka. Ni abin da na gani da idona zan rubuta.”

Na hau sama na gaya wa Dije. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

“Su ɗauke shi su kai ina? Mi munka yi masu?”

“Cewa ta yi ba ki son shi. In ta zo, ki ɗauke shi, ki yi mashi wasa, ki kira sunan shi ta ji.”

“Gaban tsohuwa? Malam, sa'ar Inna ce fa. In yi rashin kunya gaban sa'ar Inna?”

Na yi lallashi, na yi faɗa. Ta ce to. Amma da Sista ta sake zuwa, na ga Dije ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, sai ta mayar da hannun cikin zane. Ba taurin kai ba ne. Abin da aka shekara ashirin ana dasawa ba ya tumɓukewa don an ce a tumɓuke.

A makon ne layi ya zo kaina a cibiya. Na tsaya gaban jama'a da rahoton wani bankin manoma da ya rushe, na buɗe baki, kaina ya ɗauke. Na haɗa sunan wannan banki da laifin wancan, har wani ɗalibi ya fara dariya. Farfesa Mai Lofe ya ɗaga hannu ya sallami kowa, ya ce in biyo shi ofis. Ban yi niyyar faɗa ba, don ba a saba kai maganar iyali wurin malami ba, amma yana rufe ƙofa hawaye suka zubo mini. Na kwashe komai na gaya masa. Na ce in ta kama in bar karatun in mayar da su gida, zan bari, sai dai ina tsoron kafin in haɗa kuɗin jirgi an riga an ɗauke yaron.

Ya daɗe yana juya lofe a hannu. Ya ce, “Ka san ba ta yi laifi ba. In manaja ya ce maka kuɗin suna nan, amma al'adarsu ta hana buɗe ma'aji, me za ka rubuta?”

Na ce, “Na sani, ranka ya daɗe. Amma abin da take so ta gani shi ne ainihin abin da ba a nunawa.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To wannan babu shi a littattafanmu na maƙabarta.” Sai ya tambaye ni wa ke ɗaukar yaron a gida in uwa ba ta ɗauka. Na ce kaka. Ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa Misis Doris kira. Ya ce daga yau cibiya ta yafe mata aikin yamma, ni kuma ta yafe mini maƙabarta har sai hankalina ya dawo.

Haka Misis Doris ta zama kakarmu. Kullum bayan azahar sai ga ta tana haki a matakala, da ledar lemo ko 'yar rigar sanyi da ta saƙa. Ɗanta ɗaya ne, yana can wata ƙasa mai nisa, ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai a hoto. Tana shiga za ta sure yaron ta yi ta juyi da shi tana kiran sunansa da ƙarfi, tana karya shi yadda ba mai gane shi. Ranar farko da ta yi haka na ji Dije ta tuntsire da dariya, sai a lokacin na lura rabon da in ji dariyarta tun kafin haihuwa. Sista Agnes ba ta yi kuskure duka ba. Kaɗaici ya ci Dije fiye da yadda na gani. Da kaka ta samu, sai ta fara cin abinci sosai, ta koya wa Misis Doris goyo da tawul, ita kuma ta koya mata sunayen kayan miya da Turanci. Suna hira da hannu da ido, ni ban san me suke cewa ba.

Misis Doris ta je ta sami Sista da kanta ta ba da shaida. Sista ta ce ta ji daɗi an sami mai taimako, amma hakan ma ya ƙara mata damuwa, tunda ga baƙuwa na yi wa yaro abin da uwarsa ta kasa. Ta riga ta kai rahoto, kuma likita zai zo.

Suka zo da hantsi, ita da wani likita saurayi. Na leƙa ta taga na ga motar da suka zo da ita, da ɗan kwandon jariri a kujerar baya. Misis Doris na nan, Farfesa ya ce ta zo tun safe. Dije ta yi abin da ta saba, ta kwantar da yaron, ta koma lungu. Likita ya auna shi ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ya yi wa Dije tambayoyi ina fassarawa, tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya, kanta a ƙasa. Daga nan Sista ta ce, “Tambaye ta, tana son yaron nan?”

Na san ba mai jin Hausa a ɗakin sai mu biyu. Ina iya tambayarta ko ta ci abinci, ta ce e, in ce ta ce tana son shi. Na yi tunanin haka. Amma na san Sista ba amsa take jira ba, fuska take kallo. Na fassara tambayar yadda take.

Dije ta ɗago kai, karo na farko. “Malam, wace irin tambaya ce wagga? Ko saniya ba a yi mata ita.”

“Dije,” na ce, “mota na ƙasa. In ba ta ga abin da ta zo gani ba, da shi za su tahi yanzu. Ni na yi iyakar yi na.”

Dije ta dubi yaron, ta dubi Sista, ta dubi ƙasa. Na ga leɓenta na motsi, ina jin addu'a take. Can ta ce, “Ku hita. Kai da su duka.” Na fara cewa ba za su yarda ba, ta katse ni. “Ku tsaya nan bakin ƙohwa. Kada ku yi nisa.”

Na gaya musu. Likita ya dubi Sista. Misis Doris ba ta jira kowa ba, ta kama hannun Sista ta ja ta waje. Muka jeru a kan matakala mu huɗu, na jawo ƙofa, ban bari ta rufe ruf ba. Ni na juya musu baya na fuskanci bango.

Da farko ba mu ji komai ba sai ƙarar gado. Sai wata murya ta taso wadda ban taɓa ji ba, ƙarama, mai zaƙi, kamar ba ta Dije ba. Ta kira sunansa. Ta sake kira, tana ja, tana lanƙwasa shi. Ta shiga yi masa kirari da Fillanci, wanda nake tsinta kaɗan kaɗan. Ta ce masa ɗan maraƙin jar saniyar Inna, ta ce masa mai garke, ta ce masa wanda aka haifa inda ba rana amma ya zo da tasa. Tana yi tana tafiya da yatsu daga tafin ƙafarsa zuwa sama, don ina jin tana ƙirga gaɓoɓinsa da sunayen shanun gidansu. Kafin ta kai ƙarshe yaron ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi ta yi har da shaƙuwa.

Na ji motsin Sista, ta matsa ta sa ido a tsagar ƙofa. Ba ta daɗe ba ta janye. Ta yi wa likita raɗa, amma na ji ta. “Tun kafin ta taɓa cikinsa ya fara dariya. Ya san abin da ke zuwa. Ba yau aka fara wasan nan ba.”

Ta wutsiyar ido na ga Misis Doris ta cire tabarau tana share hawaye da bayan hannu. Ni ban juyo ba, don ban so su ga fuskata. Ashe duk safiyar da na saɓa jaka na tafi tonon matattun bankuna, abin da ake yi a ɗakina ke nan. Na ji tausayin Dije ya cika ni, na kuma ji ina son ta fiye da ranar da aka kawo ta.

Sista ta mayar da takardunta cikin jaka. Ta taɓa kafaɗata ta ce in gaya wa matata ta yi haƙuri, kuma nan gaba in za ta zo za ta ƙwanƙwasa ta jira. Suka sauka da sanɗa, har likitan. Misis Doris ta bi su. Na ji motar ta tashi.

Na tsaya a wurin har muryar ta yi shiru, sannan na yi gyaran murya na yi sallama. Na tarar da yaron kwance a ƙarshen gado yana wutsil-wutsil da ƙafa. Dije na lungu, ta juya baya tana linke tsummoki.

“Baƙin sun tahi?”

“Sun tahi.”

“Da shi fa?” ta ce, ba ta juyo ba, alhali ga shi nan a bayanta.

“Sun bar mana shi.”

Ta ci gaba da linki. Tsumma ɗaya ta yi ta linkewa tana warwarewa. Can ta ce, “Ko ruwa ba su sha ba.”

Na gama karatuna, muka dawo gida mu uku. Na yi aikin duba bankuna har na yi ritaya, na buɗe ma'ajin da ban san adadinsu ba. Yaron yanzu furfurarsa ta kusa kai tawa. Dije ta haifi wasu bayansa, duk ta kira su da sunayensu, ta yi musu wasa a tsakar gida. Shi kuwa har ta koma ga Allah “wancan” take ce masa, ko “babban”. Ban sake jin sunansa a bakinta ba, ban kuma taɓa tuna mata da ranar ba. Sau ɗayan nan da na ji ta bayan ƙofa ya ishe ni.